Wutsiyar Saƙo

Halimatus Sa'adiyya ba ta nemi aikin ba, ɗora mata shi aka yi. Ita dai jami'ar kula da ma'aikata ce a wani kamfanin taki da irin shuka da ke wajen Ƙofar Kwaya, abin da ta sani shi ne wa ya makara, wa zai tafi hutu, matar wa ta haihu. Sai bara wani lauya, Barista Nu'uman, ya zo daga Abuja da kwat a cikin zafin bazara, ya tara su ya yi ta bayanin dokar kare bayanan mutane har aka kira la'asar. A ƙarshe ya ce dole kamfani ya ware mutum guda da zai riƙa tsare sirrin ma'aikata da na abokan ciniki. Manaja, Alhaji Sagir, ya duba hagu ya duba dama, idonsa ya faɗa kan wadda ba ta gyangyaɗi. Laifinta ke nan.

Kafin lauyan ya tafi ya bar musu wani gargaɗi da Turanci, ya ce a riƙa liƙa shi a ƙarshen duk saƙon da aka tura a guruf ɗin ma'aikata na waya. Sa'adiyya ta zauna ta mayar da shi Hausa, don rabin mutanen sito da direbobi Turancinsu bai wuce na jikin buhu ba. Ga abin da ta rubuta:

“Wannan saƙo sirri ne, na ma'aikatan kamfani kaɗai. Ba a yarda a tura wa kowa shi ba. Idan ya iso gare ka alhali ba kai aka nufa da shi ba, ka goge shi, ka ɗauka ba ka gani ba. Kamfani ba shi da alhakin abin da ya biyo baya.”

Ba a yi nisa ba ma'aikata suka raɗa masa suna wutsiya. Kuma wallahi sun riƙe ta da kyau, har ma fiye da yadda ake so. Mai tura gaisuwar Juma'a sai ya sa wutsiya. Mai gayyatar ɗaurin aure, wanda burinsa duk Katsina ta ji, shi ma sai ya sa a ƙasa cewa sirri ne. Wata a ɓangaren talla da ke sayar da atamfa a gefe, ita ma hotunan turamenta da wutsiyarsu suke zuwa. Sa'adiyya ta yi bayani har bakinta ya gaji: gargaɗin ba ya tsare komai, abin da bai kamata a tura ba kada a tura shi. Kowa ya ce, “Haka ne, Hajiya.” A zuciyarsu kuwa sun riga sun gama fahimtar abin yadda ya yi musu: laya ce aka kawo daga Abuja, in ka rataya wa magana, to ta tsaru, faɗi abin da kake so.

Ta gaji, ta ƙyale su. Akwai ranakun da in ta ga wayarta ta yi ƙara sai ta kife ta a kan tebur ba tare da ta duba ba.

Sirri guda ne a ofishin nan da ta san sirri ne na gaske, shi kuwa bai taɓa shiga waya ba. Malam Abbas, jami'in da ke zagaya ƙauyuka yana gwada wa manoma sabon iri, shi ya shigo ofishinta wata safiya bayan ƙaramar salla, ya tura ƙofa, ya zauna yana juya hularsa a hannu. Ƙodarsa ta taɓu. Likita ya ce sai an riƙa yi masa wankin ƙoda a asibiti. Ba taimako ya zo nema ba, ba kuma tausayi ba. So yake duk ranar da zai je wankin a bar ta a matsayin ya fita aikin ƙauye.

“Ba don ni ba, Hajiya,” in ji shi. “Don Inna. Ciwon ga shi ya kashe yayana. Tana zaune gabanshi ana wankin har ya cika. Wurinta, in aka ce wanki, to likkafani ya rage. Ga ta da hawan jini. Matata kaɗai ta sani, sai ke yanzu.”

Sa'adiyya ta yi masa alkawari. Ta nemi amincewar manaja a dunƙule, ta ce lalura ce ta rashin lafiya, shi kuwa da yake ba ya son dogon zance bai tambaya ba. Tun daga nan, duk ranar wanki Abbas sai ya yi wa mahaifiyarsa sallama a gidansu na Ƙofar Guga ya ce ya tafi Mashi ko Rimi. In an gama, komai jirin da yake ji, sai ya tsaya bakin tasha ya sayi daddawa ko ɗan ƙullin kuka, ya kai mata a matsayin tsarabar ƙauye. Riguna masu dogon hannu ya koma sawa.

Ranar Alhamis ɗin da abin ya faru, Sa'adiyya tana ofishin manaja tun hantsi. Barista Nu'uman ne a kwamfuta daga Abuja, yana bitar yadda kamfani ke bin doka. Shi da kansa ya ce a kashe wayoyi saboda sirri. Ya yi magana, layi ya yanke, ya dawo ya faro daga farko. Janareto ya mutu, aka tayar, ya sake farowa. Alhaji Sagir yana ta gyaɗa kai yana kallon agogon bango. Ba su fito ba sai da aka yi azahar.

Tana kunna wayar ta ji ta ɗauki rawa a hannunta. Guruf ya cika da “Allah ya ba shi lafiya” da “Allah ya sa kaffara ne.” Ta yi ta ja sama har ta kai tushen. Hoto ne. Abbas ne kwance a gadon asibiti, idonsa a rufe, robobi biyu jajaye sun fito daga hannunsa sun shiga na'ura. A ƙasa Babaji mai kula da sito ya rubuta cewa ya kai gwaggonsa asibiti ya iske ɗan'uwa a wannan hali, wankin ƙoda ake yi masa, don Allah kowa ya sa shi a addu'a. Can ƙarshe kuma, cif, ba ko harafi da ya ɓace, ga wutsiya.

Ta goge saƙon, tunda ita ce mai ikon gogewa. Ba ta kai ga ajiye wayar ba sai ga shi ya sake shigowa, wannan karon daga ƙanwar mahaifiyarta, wadda ba ta san ko ƙofar kamfanin ba. Daga guruf ɗin matan Islamiyyarsu ta samo. Ta haɗa da muryarta: “Sa'adiyya, wanga ba ɗan wurin aikinku ba ne? An ce sirri ne, shi ya sa ke kaɗai na turo mawa.”

Sa'adiyya ta zauna. Ba ta ma ji haushi nan take ba, gajiya ce ta sauko mata tun daga wuya har gwiwa.

Ta sami Babaji a sito yana bisa buhunan taki yana jan carbi. Dattijo ne, mutumin kirki, irin wanda in aka yi rasuwa a gidan ma'aikaci shi ke fara isa shi ke ƙarshen tashi. Da ya gan ta sai fuskarsa ta washe, yana jiran a ce ya kyauta.

“Malam Babaji, wa ya ce ka ɗauki hoton nan?”

“Barci na iske shi yana yi, Hajiya, ban so in tashe shi ba. Abin ya ban tausai. Mutum na cikin wanga hali, mu muna nan muna shan shayi ba mu sani ba? Ai haƙƙinshi ne a yi mashi addu'a.”

“Ya faɗa maka yana so a sani?”

“Wa ke ƙin addu'a?”

“Mahaifiyarsa ba ta sani ba. Ɓoye mata yake yi.”

Babaji ya tsayar da carbin. Sai ya zaro wayarsa da sauri ya miƙo mata, yana nuni da yatsa.

“Amma duba, na sa wutsiya. Wallahi na sa. Sau biyu na karanta kahin in tura.”

Da mugu ne da ta sami abin faɗa. To mutum ne da ya yi abin da iyayensa suka koya masa, ya kuma haɗa da abin da ofis ya koya masa, a ganinsa ya cika duka biyun. Ta bar shi nan da wayar a hannu.

Alhaji Sagir tambaya ɗaya ya yi: “An sa gargaɗin a ƙasa?” Da ta ce an sa, sai ya sauke ajiyar zuciya ya ce to alhamdu lillahi. Ta kira Barista. Ya ce abin takaici ne ƙwarai, bayanin lafiya yana cikin mafi tsananin sirri a doka, ta rubuta rahoto, ta nuna lokacin da aka tura da lokacin da aka goge, sannan a shirya wa ma'aikata wata bitar. Ta ce akwai tsohuwa a Ƙofar Guga. Ya ce, “Ma'aikaciyarmu ce?” Ta ce a'a. Ya ce to wannan ya fita daga hurumin kamfani.

Ta kira Abbas, waya a kashe. Ta kira matarsa Ramla, ana ta ƙara ba a ɗauka. Sai ta ja mayafinta ta fita bakin titi ta tsayar da Napep.

A hanya lissafi ɗaya take yi. Ta san garinsu. Addu'a a waya somin-taɓi ce. Duk matar da ta ga hoton nan kuma ta san gidan, ba za ta iya zama ba sai ta je dubiya, don kada gobe a ce an ga ƙafar kowa ban da tata. Kuma ba asibiti za su nufa ba, gida za su, wurin uwar, a yi mata sannu. In Allah ya sa ta riga su, za ta tsaya a zaure ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ko da za a ce ba ta da kunya.

Ba ta riga su ba. Tun daga tsakar gida ta ga takalma a ƙofar ɗakin Inna Furera, silifa da fulat, wasu bisa wasu. Ramla na tsaye jikin randa, ido ya yi ja, wayarta na ta ƙara a cikin zani.

“Ina wanka suka shigo,” ta ce a hankali. “Kahin in hito sun gama gaisawa.”

Sa'adiyya ta yi sallama ta shiga. Mata ne zaune a tabarma, ga ledojin lemo da ayaba a tsakiya, ga fulas ɗin kunu. Ɗakin shiru, irin shirun mutanen da suka gane sun yi ɓarna bayan sun gama yin ta. Inna Furera na zaune a bakin gado, 'yar tsohuwa siririya, ta ɗora hannuwa bisa gwiwa. Ba kuka take ba. Sa'adiyya ta durƙusa ta gaishe ta, aka yi ina wuni, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya aiki, Inna na amsawa ɗaya bayan ɗaya ba ta tsallake ko guda ba.

“Ke ce ta wurin aikinsu?”

“Ni ce, Inna.”

“Asabe, gwada mata.”

Maƙwabciyar da ake kira Asabe ta miƙo waya, kanta a ƙasa. Hoton ne.

“Na ga hoton,” in ji Inna. “Injin ga na san shi, ba sai an hwaɗa mani ba. Rubutun nika so. Asabe ta karanta na bisa, ta ce na ƙasa na ofis ne, ba komi. Ke da ke ta ofis, karanta mani na ƙasan.”

Sa'adiyya ta duba kalmomin da ita da kanta ta zauna ta zaɓa, tana ta sauya wannan da wancan don su yi daɗin karantawa. Ta karanta. Muryarta ta yi ƙasa. Sirri ne, na ma'aikata kaɗai. Ba a yarda a tura wa kowa ba. Idan ya iso gare ka alhali ba kai aka nufa da shi ba, ka goge shi, ka ɗauka ba ka gani ba.

“Tsaya nan. Maimaita wurin ga.”

Ta maimaita.

Inna ta dubi ledar lemo. Sannan ta ce, “Tun yaushe?”

“Tun bayan ƙaramar salla.”

“Duk Mashin nan da Rimin nan.”

“E, Inna.”

“Shi ya ce kar a hwaɗa mani.”

“Shi ya ce. Tsoron jininki yake.”

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ta share gefen bakinta da bakin zani, ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya.

“To kun ji abin da takardar ta ce. Ba ni aka nuhwa ba. Ku ma ba ku aka nuhwa ba, amma ku kun ji da kanku. Ni dai ban gani ba.” Ta juya ga Asabe. “Goge shi.”

Asabe ta goge.

“Na gode da zumunci, Allah shi ba da lada. Ku kwashe kayan ga ku tahi da su, ku ba yara. In ya shigo ya iske lemu ya san an zo. Wadda duk ta gamu da shi a hanya, ta gaishe shi da dawowa daga ƙauye.”

Matan suka tashi sumui-sumui, kowa na laluben takalminta. Wata ta buɗe baki za ta yi addu'a, Inna ta ɗaga mata hannu ta ce ta yi a gida, Allah na ji daga can. Ramla ta shigo ta naɗe tabarmar baƙi, ta share ɓawon ayabar da wani yaro ya yar.

Da ɗakin ya rage su biyu, Inna ta kama hannun Sa'adiyya. Tafinta a bushe, da sanyi.

“Ɗiyata, ya ɗauki ciwo, ya ɗauki ɓoyo. In ya san na sani, ya ƙara da ɗaukar tawa damuwar, kullum yana kallon huskata yana neman abin da ya gani wancan karon, lokacin yayanshi. Bar mashi ɓoyon, shi ne abin da ya rage yana yi mani. An ce ke ce mai riƙon sirri wurinku?”

“Haka aka ce, Inna.”

“To ga wani, riƙe.”

Sa'adiyya ta fito zaure ta tsaya. Ta san ya kamata ta koma ofis, rahoto na jiranta, amma ba ta tafi ba. Ana cikin kiran la'asar ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida, Abbas ya sauko a hankali yana dafa kafaɗar mai babur. Fuskarsa ta yi fari-fari. A hannu ɗaya ƙullin daddawa ne a baƙar leda, a ɗayan kuma waya, a kunne, saƙonni na ta shigowa. Ya riga ya gani. Da ya hango ta a zauren gidansu sai ya tsaya cak.

Ta yi niyyar ba shi haƙuri, ta ce laifinsu ne, ta ce ta goge amma ta makara. Bai ba ta dama ba.

“Hajiya, ta ji?”

A aikinta an koya mata amsoshi da yawa, babu wadda ta dace da zauren nan. In ta ce e, ta saɓa wa tsohuwa. In ta ce a'a, ta yi wa mara lafiya ƙarya yana kallon idonta.

“Shiga ka gaishe ta, Malam Abbas,” ta ce. “Tana jiranka.”

Ya dube ta. Sannan ya kashe wayar ya jefa aljihu, ya ja hannun rigarsa ya rufe filastar da ke damtsensa, ya gyara hula, ya shiga. Daga inda take tana jin komai, don gidan ba shi da girma.

“Salamu alaikum. Inna, na dawo.”

“Maraba, maraba. Sannu da hanya. Yau ina aka yi?”



“Mashi.”

“Ya mutanen Mashi? Sun samu ruwa?”

“Sun samu, Inna. Gero ya yi kyau.”

“Madalla. Kawo daddawar in gani. Kai, ta yau ta hi ta rannan. Zamna nan kusa da ni ka huta, hanyar ga tana gajiyar da kai.”

Sa'adiyya ta fita ba ta yi sallama ba. A bakin titi, tana jiran Napep, wayarta ta yi ƙara. Alhaji Sagir ne a guruf, yana sanar da cewa an shirya bita ta musamman kan tsare sirri ranar Litinin, halarta dole, Hajiya Sa'adiyya ce za ta gabatar. A ƙasa ya sa wutsiya. Ta karanta ta har ƙarshe, abin da ta daɗe ba ta yi ba, sannan ta mayar da wayar cikin jaka ta ɗaga wa mai Napep hannu.